Yadda zaka zaga tsibiran yammacin Sikotilan da mota cikin kwana 10, daga Gilasgo ka dawo Gilasgo

Jama'a da yawa cikinmu da suke zaune a Burtaniya, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da masu zuwa hutu, in an ce Sikotilan iyakarsu Edinbara, a ɗau hoto a gaban fada a hau jirgin ƙasa a koma Landan. To wallahi ƙasar tana can gaba, can yamma inda titi yake ƙarewa sai ka saka motarka cikin jirgin ruwa. Tsibiran da nake magana sune Outer Hebrides, jerin tsibirai ne a bakin tekun Atilantika, mutanen cikinsu duka duka wajen dubu 26 ne. Zan bar sunayen ƙananan garuruwan yadda ake rubutasu saboda haka zaka buga su a taswirar wayarka.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, a wannan tafiyar jirgin fito ne yake tsara maka komai. Ba otal ba, ba mota ba, ba ranar da ranka yake so ba. Duk wanda ya kama ɗakin kwana kafin ya samu gurbin mota a jirgi ya fara gini daga rufi.

Mataki na farko: lokaci da ranar tashi

Ni a ganina watan Mayu ko farkon Yuni ko kuma Satumba sune daidai. Yuli da Agusta mutane sunyi yawa, gurbin mota a jirgi yana ƙarewa tun makonni kafin ranar, ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da suke kira mij, basu kai ƙwayar gero ba amma tururuwa suke yi a fuskar mutum da yamma in iska ta kwanta. Lokacin sanyi kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rana bata wuce awa 7 a tsakiyarsa, iska tana yawan hana jirage tashi, yawancin masaukai ma a rufe suke. Kar ka fara da shi.

Ranar tashi ma tana da muhimmanci, kuma nan ne mutane basa lura. Tsibiran kudu, Barra da South Uist, 'yan Katolika ne, Lahadinsu da sauƙi. Na arewa kuwa, Harris da Lewis, mutane ne masu riƙo da ranar Lahadi sosai, yawancin shaguna da gidajen mai da wuraren cin abinci a kulle suke, jirgin fito ma sai a 2009 ya fara tashi daga Stornoway, babban garin Lewis, ranar Lahadi. Don haka ka tashi daga Gilasgo ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci. Lahadinka ta farko zata sameka a Barra, Juma'a mai zuwa kana Stornoway inda akwai masallaci, Asabar ka tsallako, Lahadi ta biyu kana kan hanyar Gilasgo. Kaga ka kauce wa Lahadin Lewis gaba ɗaya kuma baka rasa Juma'a ko ɗaya ba. In jirgin sama zaka hau zuwa gida bayan tafiyar, ka bar kwana ɗaya ko biyu tsakani, kar ka kuskura ka haɗa su rana guda.

Mataki na biyu: tikitin jiragen fito

Kamfanin da yake jigilar shine Caledonian MacBrayne, kowa CalMac yake ce masa. Tsallake huɗu zakayi:

Oban zuwa Castlebay a Barra, kusan awa 5.
Ardmhor a Barra zuwa Eriskay, minti 40.
Berneray zuwa Leverburgh a Harris, awa 1.
Stornoway zuwa Ullapool, awa biyu da rabi da ɗan ɗori.

Ka shiga shafinsu ka sayi duka huɗun a zama ɗaya, na mota daban na kowane fasinja daban. Zasu tambayeka lambar mota da tsayinta, in motar haya ce baka karɓa ba tukuna ka zaɓi girmanta, daga baya sai ka saka lambar. Ƙananan jiragen nan biyu na tsakiya kar ka raina su, motoci kaɗan suke ɗauka, su suka fi saurin cika, kuma na Berneray ɗin lokacinsa yana canjawa da cika da janyewar teku saboda mashigin bashi da zurfi, duwatsu ne ko'ina jirgin yana ta kwana-kwana tsakaninsu. A manyan jiragen dole motarka ta kasance a layi aƙalla minti 45 kafin tashi, in ka makara zasu iya ba wani gurbinka ko da ka biya. Ka saka lambar wayar da take aiki a Burtaniya saboda ta nan suke turo saƙo in iska ta sa an soke ko an canja lokaci, kuma kullum da safe ka duba shafinsu kafin ka ɗaura kaya.

Sai ka gama wannan sannan ka nemi wurin kwana. Kwana ɗaya Oban, biyu Barra, biyu a Uist, ɗaya ko biyu Harris, sauran Lewis, na ƙarshe wajen Inverness ko Fort Augustus. In ku iyali ne ko abokai huɗu, ku nemi ɗakunan da suke da kicin, ya fi arha kuma ya warware muku matsalar abinci.

Mataki na uku: lasisi da mota

Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana sai da bizar ziyara ta Burtaniya, Sikotilan bata da tata daban. Lasisin tuƙinka na gida in cikakke ne kuma bai ƙare ba, doka ta yarda kayi tuƙin ƙaramar mota da shi har wata 12 daga ranar da ka shigo ƙasar. Wanda ya wuce shekara a zaune sai ya samu na Burtaniya. In lasisinka da Faransanci yake ko Larabci ka haɗa da na ƙasa da ƙasa, kuma ka rubuta wa kamfanin hayar ka tambayesu tun kafin ka biya ko suna karɓar irin naka, don kowanne da sharaɗinsa.

Ka ɗauki ƙaramar mota. Na san zuciya tana son babbar jif, amma titunan can sirara ne, ƙaramar ita ce hutu. In baka saba canja giya da hannun hagu ba ka biya ƙarin kuɗin ka ɗau otomatik, kuma ka kama ta da wuri don sun fi ƙaranci. Katin banki dole da sunan direba yake, zasu riƙe wani kuɗi a ciki har ka dawo da motar. Ka gaya musu zaka hau jirgin fito da ita zuwa tsibirai, ka tambayi ko inshorar ta haɗa da taya da gilashi don su ne suka fi lalacewa a can, ka buɗe but ka gani ko akwai safayar taya ko kuwa ɗan gwangwanin liƙi kawai suka saka. Kafin ka motsa ka zagaye motar da bidiyo, kowane ƙwarzane ka ɗauka.

A gidan mai kai zaka zuba da kanka. Koren hannu fetur, baƙi dizal, ka duba murfin tankin sau biyu. Mai da lita ake sayarwa amma nisa da gudu da mil ake lissafi.

Mataki na huɗu: tuƙin kansa

Hagu ake bi, a shataletale kuma wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Wannan kwana ɗaya ya isa ka saba. Inda haɗarin yake shine da safe in ka fito daga masauki titi babu kowa, hannu sai ya koma dama da kansa, don haka wanda yake kujerar gaba aikinsa ne ya riƙa tuna maka.

Abinda ba'a saba da shi ba shine titi mai layi ɗaya, faɗin mota guda, kuma motoci suna zuwa ta duka ɓangarorin. Duk bayan 'yar tazara akwai ɗan wurin ratsewa da farin allo a jikin sanda an rubuta Passing Place. Ƙa'idar ita ce in ka hango mota tana tahowa, wanda ya fi kusa da wurin ratsewa shi zai tsaya. In wurin yana hagunka ka shiga ciki. In yana damanka kar ka tsallaka ka shiga, ka tsaya a hannunka daidai saitinsa, shi mai zuwan ya zagaya ta ciki. In kun haɗu a tsakiya wani sai yayi ribas, kuma a kan tudu ana ba mai hawa hanya. In ya baka hanya ka ɗaga masa hannu, kowa yana yi, rashin yin ma kamar ka wuce dattijo ne ba sallama. Sannan abinda yake ƙona ran mutanen wurin: baƙo ya riƙa tafiya a hankali yana kallon teku, bayansa ma'aikaciyar jinya ce ko mai kai wasiƙu ko wanda yake sauri ya kama jirgi. Da ka ga mota a madubi ka ratse ka bari ta wuce. Kuma wurin ratsewa ba wurin fakin bane, ko na minti biyu don hoto.

Tumaki suna kwanciya a tsakiyar kwalta saboda ɗumi, in ka ga ɗan rago a gefe guda uwar a ɗaya gefen ka tabbata zai ruga wajenta. Da magariba da asuba barewa suna tsallaka titi, manya ne, suna iya rugurguza gaban mota. Doka ta ce mil 60 a irin titunan nan amma hankali ba zai baka ka kai haka ba, in taswira ta ce awa ɗaya ka lissafa ɗaya da rabi. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana Gilasgo saboda sabis yana ɗaukewa, kuma tanki in ya kai rabi ka cika. Alluna da yawa da harshen Gelik ake fara rubutawa, Stornoway zaka ga Steòrnabhagh, Tarbert kuma An Tairbeart, kar ya ruɗa ka.

Mataki na biyar: guzuri, sallah, tufafi

Naman halal a Gilasgo zaka saya, unguwar Pollokshields cike take da shagunan 'yan Pakistan. Ka soya kaza ko nama ka zuba a kula, ka ɗau shinkafa, taliya, yaji, man gyaɗa, kayan shayi da filas. A tsibiran akwai shagunan Co-op a manyan ƙauyuka, burodi, madara, ƙwai, dankali duk zaka samu. Kifi kuwa ba'a magana. Amma in zaka sayi soyayyen kifi da dankali ka tambaya ko sun saka giya a ƙullun da kuma irin man da suka soya da shi. A masaukin da suke bada karin kumallo ka gaya musu tun dare cewa baka cin alade, kuma wani baƙin abu mai kama da tsiran nama da Stornoway tayi suna da shi, da jini ake yinsa, ka barshi. Ka nemi ƙwai da kyafaffen kifi da kunun hatsinsu na oats. Akwai wata miyar kyafaffen kifi da dankali da madara, Cullen skink, in ka samu ranar ruwan sama zaka gode min.

Maganar sallah. Alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni a Lewis rana bata faɗuwa sai wajen goma da rabi na dare, ta fito huɗu da 'yan mintuna, kuma jan sararin nan baya ɓacewa gaba ɗaya, shi yasa manhajojin waya kowacce da lokacin isha da asuba da take bayarwa. Ka karɓi jadawalin babban masallacin Gilasgo ka tambayi liman yadda suke yi da kuma hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi, ka huta da ruɗani a hanya. Ka tafi da buta da darduma mai ledar ƙasa don ciyawa kullum a jiƙe take.

Tufafi kuwa rigar ruwa mai hula, suwaita, takalmin da ruwa baya shiga. Lema bata da amfani, iska zata juyar da ita. Mata masu hijabi su samu mai ɗan nauyi da fil. Ka sayi maganin shafawa na ƙwari, Smidge, da ɗan abin cire kaska a kemis, domin akwai kaska a ciyayin Uist kuma tana ɗauke da cutar Lyme, duk dare ka duba ƙafafunka da na yara. Lambar gaggawa 999, har da masu ceto a teku, rashin lafiya mara tsanani kuma 111.

Juma'a: Gilasgo zuwa Oban

Ka kama A82 arewa. Cikin ƙasa da awa ɗaya kana gefen Loch Lomond, tafkin da ya fi kowanne faɗi a Sikotilan. Kalmar loch ɗin nan tana nufin tafki, tana kuma nufin reshen teku da ya kutso cikin ƙasa, kuma ƙarshenta kamar harafin kha na Larabci ake furtawa, mu kam bata mana wuya. Ka tsaya a ƙauyen Luss ka miƙe ƙafa. Bayan Tarbet titin yana matsewa tsakanin dutse da ruwa ga manyan motoci, ka natsu. A Tyndrum ka karya hagu ka hau A85, zaka wuce Loch Awe da kangon fadar Kilchurn a bakin ruwa. Tafiyar kusan mil 100 ce. Ka cika tanki a Oban.

Asabar da Lahadi: Barra

Jirgin yana bi ta mashigin da ke tsakanin tsibirin Mull da babban yanki, nan ruwa a kwance yake, ka ci abincinka a lokacin. In ya fita fili teku yana iya tashi, mai jin jiri ya sha maganin amai tun kafin a tashi ya zauna a tsakiyar jirgi. In an saka motar ka ja birkin hannu, ka kashe ƙararrawar ɓarayi, ka ɗebi duk abinda kake buƙata don ba'a komawa wajen motoci sai an iso.

Shiga Castlebay da yamma abu ne da bana mantawa, fadar Kisimul ta dangin MacNeil tana zaune a kan dutse a tsakiyar ruwa kamar ta tsiro daga ciki. Titin da ya zagaye Barra bai kai mil 15 ba. Ka je Traigh Mhòr a arewa, filin jirgin saman da babu kwalta, ƙaramin jirgi daga Gilasgo a kan yashin bakin teku yake sauka in ruwa ya janye, in ya dawo filin ya nutse. Ka duba lokacin saukar ka je ka tsaya a bayan shinge. Da rana ka gangara Vatersay ta kan hanyar da aka cike teku da duwatsu aka shimfiɗa a 1991, farin yashi ne da ruwa garai-garai, shanu suna yawo a bakinsa. Ruwan da sanyi kamar ƙanƙara, kallo ya isa.

Litinin da Talata: Eriskay da Uist

A Eriskay ne Yarima Charles Edward Stuart ya fara taka ƙasar Sikotilan a Yulin 1745 da niyyar ƙwato sarautar gidansu, yashin da ya sauka yana nan dab da inda jirginka zai tsaya. Daga nan babu sauran jirgi sai Berneray, duk cikakkun hanyoyi ne suka haɗa South Uist da Benbecula da North Uist, har da allon gargaɗi cewa karen ruwa yana tsallakawa.

Mutane suna gudu su wuce Uist don su kai Harris, kuskure ne. Babban titin A865 ta tsakiya ya bi, babu abin gani sosai, sai ka riƙa karyawa yamma ta ƙananan hanyoyi. Nan zaka samu abinda suke kira machair, fili ne shimfiɗaɗɗe na yashin ɓawon kifin teku da iska ta kwaso, a Yuni da Yuli furanni ne iya ganinka, bayansa kuma bakin teku mil da mil babu kowa. Kar ka hau kansa da mota, gonakin mutane ne da makiyayarsu. Dokar 2003 da ta ba kowa damar yawo a filayen Sikotilan da ƙafa take nufi, bata haɗa da mota ba. Duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe.

Zaka ga kangayen gidajen dutse ko'ina, kar ka ɗauka tsufa ne kawai ya cinye su. A 1851 mai ƙasar a lokacin, Kanar John Gordon na Cluny, ya sa aka tattara talakawan Barra da South Uist da ƙarfi aka zuba a jirage zuwa Kanada don a samu filin kiwon tumaki. Sai a 2006 mutanen South Uist suka haɗu suka sayi ƙasar da kakanninsu suka rayu a kai. In ka san wannan, kallon da zaka yi wa wurin daban ne.

A North Uist ka je Balranald, wurin kare tsuntsaye. Akwai wani tsuntsu mai ɓuya a ciyawa, kukansa kamar ana goga tsinke a bakin matsefi, nan yake ƙyanƙyasa, in sanyi ya zo ya tashi har Afirka. Ka kwana Berneray ko kusa don ka kama jirgin safe.

Laraba da Alhamis: Harris

Garin da zaka sauka, Leverburgh, yana da alaƙa da mu. Asalin sunansa An t-Òb, aka canja masa saboda Lord Leverhulme, attajirin sabulun Sunlight, wanda ya sayi Lewis a 1918 da kudancin Harris a 1919 yana son ya mayar da wurin babbar tashar kamun kifi. Kamfaninsa Lever Brothers ne ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya a 1929 ya narke cikin UAC, UAC ɗin da kakanninmu suka sayar wa gyaɗa da fatu a Kano. Ya mutu a 1925 aikin Harris ya tsaya cak.

Daga tashar ka fara yin dama mil kaɗan zuwa Rodel ka ga tsohuwar cocin St Clement mai shekara wajen 500, sannan ka dawo ka bi gaɓar yamma. Scarista, Seilebost, sai Luskentyre. Ka yi ƙoƙari ka iso Luskentyre lokacin da ruwa ya janye, yashi fari fat, ruwa kore da shuɗi, duwatsu baƙaƙe a bayansa, ka bashi rabin yini kar ka yi sauri. Washegari ka bi gaɓar gabas ta hanyar da suke kira Golden Road, wata duniya ce daban, dutse tsirara da ƙananan tafkuna da kwana kan kwana, nan ne zaka gwada duk abinda na faɗa kan wurin ratsewa. A hanya zaka ga 'yan akwatuna a ƙofar gidaje da ƙwai ko kek ko zuma, babu mai tsaro, farashi a rubuce, ka ɗauka ka saka kuɗin. Don haka ka riƙe 'yan canji a aljihu.

A Tarbert ka sha mai ka duba yadin Harris Tweed. Dokar majalisa ta 1993 ta ce ba'a kiran yadi da wannan sunan sai an saƙa shi da hannu a gidan masaƙin a cikin tsibiran nan, da ulun da aka rina aka kaɗa a can. In ka ga allo a ƙofar wani masaƙi ka shiga da sallama, duk wanda ya taɓa zama wajen masaƙan gida zai ji sautin ya saba masa. Ka duba tambarin ƙwallo mai gicciye a sama kafin ka biya.

Alhamis da yamma da Juma'a: Lewis

Harris da Lewis tsibiri ɗaya ne, duwatsu ne suka raba su, titin yana hawa ta gefen Clisham mai tsayin mita 799 sannan ya sauka cikin fili mai faɗi na baƙar ƙasar da suke yankawa su busar suyi makamashi da ita. Ka je Callanish da sassafe ko dab da faɗuwar rana lokacin da motocin 'yan yawon buɗe ido basa nan. Dogayen duwatsu ne da mutane suka kafa shekara wajen 5,000 da suka wuce, ba shinge, kana iya shiga tsakaninsu. Gaba kaɗan akwai hasumiyar dutse ta Dun Carloway, sai ƙauyen Gearrannan mai gidajen dutse da rufin ciyawa wanda mutanen ƙarshe suka bari a 1974. A Arnol an bar gida ɗaya yadda yake, wuta tana ci a tsakiyar ɗaki babu bututun hayaƙi, mutane a gefe ɗaya shanu a ɗaya gefen ƙarƙashin rufi guda.

Ranar Juma'a ka shigo Stornoway da wuri. Masallacin ƙarami ne, an buɗe shi a 2018, shine na farko a tsibiran, jama'arsa iyalan 'yan Pakistan ne da suka daɗe a garin da 'yan Siriya da aka tsugunar, ka tuntuɓe su tun kafin ranar ka ji lokacin huɗuba. Bayan sallah ka leƙa gidan tarihi na fadar Lews, akwai kaɗan daga 'ya'yan darar da aka tono a yashin Uig a 1831, an sassaƙa su da hauren wata dabbar teku. In da sauran ƙarfi ka je wajen tunawa da jirgin Iolaire a bakin gari, wanda ya daki dutse da tsakar dare ranar 1 ga Janairun 1919 yana ɗauke da sojojin ruwa masu dawowa daga yaƙin duniya na ɗaya, sama da mutum 200 suka mutu suna hango fitilun gida. Tunda rana tana daɗewa, da yamma kana iya kaiwa Butt of Lewis, ƙarshen arewa, amma ka riƙe yara da kyau don babu shinge a bakin ramin kuma iskar tana ture babba.

Asabar da Lahadi: komawa ta tafkuna

Ka ɗau jirgin safe zuwa Ullapool, shigarsa cikin Loch Broom ka fito waje ka kalla. Daga nan A835 zuwa Inverness, ƙasa da mil 60, ka tsaya a kwazazzabon Corrieshalloch ka taka gadar lilo. Daga Inverness ka koma kan A82 ta gefen Loch Ness. Labarin dodon ruwa na masu sayar da tsaraba ne, amma tafkin kansa abin kallo ne, zurfinsa ya kai mita 230 kuma ya fi kowane tafki a Burtaniya yawan ruwa, baƙi ƙirin saboda ƙasar da ruwan yake ratsowa. Ka tsaya a kangon fadar Urquhart, ka kwana Fort Augustus inda zaka ga yadda ake ɗaga jiragen ruwa hawa-hawa a mashigin Caledonian da aka buɗe a 1822.

Lahadi ka wuce Fort William, in gajimare ya yarda zaka ga Ben Nevis mai mita 1,345, sannan Glencoe. Kwari ne tsakanin manyan duwatsu inda a Fabrairun 1692 sojojin gwamnati suka kashe mutanen dangin MacDonald bayan sun kwana kusan sati biyu a gidajensu suna cin abincinsu, har yau cin amanar baƙuncin ne mutanen ƙasar suke fara ambata kafin adadin mamatan. Akwai wuraren fakin na gaskiya a gefen titi, ka yi amfani da su, motoci suna gudu a nan. Daga Glencoe ka ratsa fadamar Rannoch, ka sake biyowa ta Tyndrum da Loch Lomond, wajen awa biyu da rabi zuwa Gilasgo in babu cunkoson yammacin Lahadi. Ka cika tanki a gidan mai na kusa da inda zaka mayar da motar ka riƙe rasit, ka kakkaɓe yashin Luskentyre daga kan kafet, sannan ka sake zagaye ta da bidiyo kafin ka miƙa makulli.